Lissafin Fuli Yana Kan Allo, Asarar Tana Kura

Akwai wani lissafi da babu ɗalibin injiniyan kanikanci ko na aikin gona da zai ce bai taɓa cin maki da shi ba: gudun fuli na farko sau faɗinsa daidai yake da gudun fuli na biyu sau faɗinsa. Layi ɗaya ne tak. Ana rubuta mana shi a allo, mu kwafa, mu haddace, ranar jarrabawa mu zube shi a takarda mu fito muna murna an kawo mai sauƙi. Abin da nake so in faɗa wa 'yan uwana ɗalibai, da malamanmu in sun leƙa wannan mujalla, shi ne layin nan kuɗi ne, man inji ne, shinkafa ce, wani lokacin ma hannun mutum ne. Kuma wurin da ake buƙatarsa bai kai tafiyar awa ɗaya daga birnin Kano ba. Ra'ayina shi ne a daina karɓar furojet ɗin kammala difloma a sashenmu in bai taɓa wani inji mai aiki a wajen makaranta ba, kuma wurin da ya fi dacewa a fara shi ne yankin noman rani na Kura da Bunkure.

Duk wanda ya saba bin titin Zariya ya san wurin. Da ka wuce Kura ka nufi Kadawa da Kwanar Gafan, ko ka karkata wajen Bunkure, ƙasar kore ce shar ko a tsakiyar rani. Ruwan daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. An tsara kashin farko na shirin a kan hekta 22,000, a ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam. Ruwan nan ba inji ke turo shi ba, gangare kawai yake bi ta babban kanal har ya rarrabu cikin gonaki. Amma ko a nan sai da wili. Ƙofofin ƙarfen da ake buɗe ruwa da rufe shi da su, wani wili ne mai kama da sitiyari ake murzawa, shi kuma ya juya doguwar sanda mai zare, sai ka ga mutum ɗaya ya ɗaga ƙofar da ƙarti goma ba za su cicciɓa da hannu ba.

Daga girbi kuwa, sai dai a ce komai ya koma hannun wili. Injin casa, injin gyaran shinkafa, injin niƙa, injin markaɗen tumatir da tattasai, manyan injinan ban ruwa na gonakin da kanal bai kai ba, duk tsarinsu ɗaya ne. Ga inji mai ba da ƙarfi a gefe guda, ga na'urar da ke yin aikin a ɗaya gefen, a tsakaninsu fuli biyu da bel. Don 'yan uwanmu na sashen kasuwanci da na aikin jarida, fuli shi ne faifan ƙarfen nan mai kwari a bakinsa inda bel yake zama. Ɗaya yana kan sandar inji, shi ke ja. Ɗaya yana kan sandar na'ura, shi ake ja. In wanda ake ja ya fi girma, na'urar za ta yi juyi a hankali amma da ƙarfin murɗawa. In ya fi ƙanƙanta, za ta yi gudu amma ƙarfin ya ragu. Wanda ya taɓa hawan keke mai giya ya san wannan da ƙafarsa: in za ka hau tudu kana mayar da kaca kan babban faifan baya, ka yi ta taka feda, keken na tafiya kaɗan-kaɗan amma yana hawa.

To bari mu sa lamba. Injinan gas 'yan Chaina masu silinda ɗaya da suka cika yankin, da yawa an rubuta a jikinsu cewa suna juyi 2,200 a minti ɗaya. A ce fulin injin inci 4 ne, a ce kuma wanda ya ƙera na'urar gyaran shinkafar ya ce ta riƙa juyi 800. Ninka 2,200 sau 4, ka raba da 800, zai ba ka 11. Wato fuli mai inci 11 ake so a kan na'urar. Yanzu a ce wannan fuli ya tsage, mai injin ya je kasuwa bai samu inci 11 ba, ya ɗauko inci 9 tunda ya shiga sandar. Na'urar da ya kamata ta yi 800 yanzu tana yin kusan 980. A ido babu abin da ya canza. Injin na kuka yadda ya saba, shinkafa na fita, har ma ta fi fita da sauri, mai injin na jin daɗi. Amma ƙwayar na shan gurza fiye da ƙima, tana zafi, tana karyewa.

Irin na'urar da ƙananan masu gyaran shinkafa suka fi amfani da ita tsohon zubi ce. Wani ɗan ƙasar Brazil mai suna Engelberg ne ya ƙirƙiro ta a shekarun 1880. Sanda ce ta ƙarfe mai ƙuraje tana juyi a cikin raga, tana gurza shanshera har ɓuntu da dusa su fita lokaci guda. Tana da juriya, kowane makanike na iya gyara ta, amma dama can ta yi ƙaurin suna wajen karya shinkafa. Ka ƙara mata gudun da ba nata ba, ka ga an taru an yi wa ƙwaya rubdugu. Sabuwar na'urar mai robobi biyu ma ba ta tsira daga lissafin nan ba, ita ma a kansa ta dogara gaba ɗaya: robobin suna juyi suna fuskantar juna, ɗaya ya fi ɗaya gudu, wannan bambancin gudun ne ke zame ɓuntu daga jikin ƙwaya ba tare da an farfasa ta ba. Wa ke kawo bambancin? Girman fuli ko yawan haƙoran giya.

Ba na cewa fuli kaɗai ke karya shinkafa. In an shanya ta a kan kwalta ta sha rana ta tsattsage, ko danshinta ya yi nisa da kashi 14 cikin 100 da ake so, ko ba a turara ta da kyau ba, ko wuƙar cikin na'urar ta matse da yawa, duk za ta karye. Amma a duk waɗannan, fuli ne ba wanda ke zargi. A wata huɗun da na yi ina SIWES a wani garejin gyaran injina a yankin, na ga yadda laifi ke yawo. Mai saye ya ce shinkafar ta cika tsaki, ya rage kuɗi. Mai injin ya ce matan da suka turara ne ba su iya ba. Matan suka ce manomi ne ya bar ta ta bushe a gona. Manomi ya ce iri ne. Ogana, wanda ko firamare bai gama ba, ya tsaya ya kasa kunne na ɗan lokaci ya ce na'urar nan gudu take fiye da yadda ya san ta. Da aka auna, fulin ya gaza na asali da inci biyu. Aka tambayi mai injin, dattijo ne, ya dube ni ya ce, "Ɗana, ni fuli in ya shiga sanda ya zauna, ai ya yi." Na ce, "Baba, ya zauna kam, amma a buhunka yake ci." Ya yi dariya, ya ce a canza.

Ka ɗauka kwano ɗaya ne kawai a kowane buhu yake komawa tsaki saboda wannan. Ka tuna buhu nawa inji ɗaya ke gyarawa a kaka, ka tuna injina nawa ne daga Karfi zuwa Bunkure. Sannan ka tuna cewa tun da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 ake ta faɗa mana mu ci 'yar gida, amma uwargida in ta shiga kasuwa abu biyu take dubawa: tsakuwa da karyayyar ƙwaya. Rabin faɗan da shinkafarmu ke yi da 'yar waje a ɗakin inji ake yinsa.

A wajen ban ruwa abin ya fi muni, domin lissafin can ba ya tafiya kai tsaye. Famfon da ke jan ruwa da fanka, in ka ƙara masa gudu, ruwan da yake bayarwa yana ƙaruwa daidai da gudun, amma ƙarfin da yake ci yana ƙaruwa ne da gudun sau kansa sau kansa. Ƙara gudu da kashi 20 cikin 100, a lissafi ruwa zai ƙaru da kashi 20, ƙarfin da ake buƙata kuwa zai ƙaru da kusan kashi 73. Wato manomin da ya sa ƙaramin fuli don ruwa ya fito da ƙarfi ya sayi ruwa kaɗan da mai mai yawa, ga injin na fitar da baƙin hayaƙi yana nishi. Da can ana iya kau da kai. Amma gas ya yi tashin gwauron zabo tun 2022, fetur kuma tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi kowa ya san inda ya kai, har wasu manoman sun mayar da injinansu kan gas ɗin girki. Mutumin da ke ƙirga lita ba zai ƙi jin maganar da za ta rage masa ita ba.

Wannan lissafi ba sabo ba ne a ƙasar nan, kuma waɗanda suka fi girmama shi su ne mutanen jirgin ƙasa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya biyo ta Zariya, kuma har yau yana nan ya ratsa ta Madobi da Challawa, maƙwabtan Kura. Kan jirgi na wancan zamani mai tururi ne, kwal yake ci. In ka duba hotonsa za ka ga ƙafafu iri-iri, amma ba duka ke ja ba. Akwai samfurin da aka kawo Najeriya daga Birtaniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda aka raɗa wa sunayen kogunan ƙasar nan. Tsarin ƙafafunsu 2-8-2 ne: ƙanana biyu a gaba masu bin hanya su shigar da jirgin kwana, takwas a tsakiya da aka haɗa da sandunan ƙarfe, sai biyu a baya masu ɗaukar nauyin murhu. Takwas ɗin nan na tsakiya su kaɗai ne fistin ke turawa, su ke jan duk taragon. Kuma girmansu ba don ado aka zaɓa ba. Duk zuwa da dawowar fistin, ƙafar juyi ɗaya take yi. In babba ce, juyi ɗaya zai ci ƙasa mai yawa, jirgi ya yi gudu amma jansa ya ragu. In ƙarama ce, gudu ya ragu, ja ya ƙaru. Shi ya sa kan jirgin Ingila mai suna Mallard, wanda a 1938 ya yi gudun mil 126 a awa, aka yi masa ƙafafu masu tsayin ƙafa 6 da inci 8, sun fi yawancinmu tsawo. Namu kuwa, da ke bin siririn layi mai faɗin ƙafa 3 da inci 6, suna jan gyaɗa da auduga da fatu zuwa Legas, ƙafafunsu ba su kai haka ba, don ja ake so ba tsere ba. Dalar gyaɗar da ake ta ba mu labari, a kan wannan zaɓi ta yi tafiya.

Kan jirgi na yanzu mai gas ma bai fita daga ciki ba. Injin na juya janareta, wuta ta tafi ga motocin lantarki da ke ƙasa, kowace mota tana da ƙaramin giya da ke cizon babban giya a kan gatarin ƙafa. Yawan haƙoran wannan da na wancan shi ke yanke hukunci ko jirgin na kaya ne ko na fasinja. Kuma akwai iyaka ɗaya da ta haɗa jirgi da injin niƙa: santsi. Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe, in ka ba ta ƙarfin da ya wuce riƙonta, juyi za ta yi ta yi a wuri ɗaya, shi ya sa kan jirgi ke ɗauke da akwatin yashi yana zubawa a gaban ƙafa. Bel ma haka yake zamewa a kan fuli, sai dai mu ba yashi muke zubawa ba. Na ga masu shafa masa kwalta.

A nan ne nake ganin aikinmu ya fi yawa, don matsalar bel ta fi ta girman fuli yaɗuwa. Bel mai siffar V da gefensa yake riƙo, bai kamata ya taɓa ƙasan kwarin ba. In kwarin ya cinye, bel ya nutse ya zauna a ƙasa, riƙo ya tafi, sai zamewa da ƙauri. Me ake yi? A ƙara ɗaure shi tamau. Ɗaurin ya janyo sanda, boris ya yi zafi ya mutu, a ce boris ɗin yanzu ba su da kyau. Akwai bel samfurin A mai faɗin milimita 13, akwai B mai 17, amma za ka ga an cusa A a kwarin B don shi aka samu. Za ka ga fuli mai kwari uku da bel biyu tsofaffi da ɗaya sabo, sabon shi kaɗai ke ɗaukar kaya har ya tsinke. Za ka ga fulin alminiyon da aka zuba a maƙera irin ta masu tukwane, ramin tsakiyarsa ya kauce, yana juyi yana rawa, duk ɗakin na girgiza. Wani ma maimakon ki, ƙusa aka buga, ko a liƙe fulin da walda a jikin sanda, ranar da za a cire shi sai an yanka. Uwa uba, fuli biyun ba sa kallon juna a layi ɗaya, don an dasa injin a kan katako ko siminti da ido kawai. Zare ɗaya da aka miƙe a fuskar fuli biyun ya isa ya nuna wannan.

Kuma daga wannan karkacewa ne ake samun abin da ya fi asarar shinkafa zafi. Bel ɗin da ba ya kan layi yawan faɗowa yake yi. In yana faɗowa sau biyar a yini, mai injin ba zai yi ta kwance murfin kariya yana ɗaurawa ba, sai ya cire shi gaba ɗaya ya jingine a bango. Shi ke nan bel ya zauna tsirara, a ɗakin da ake shiga da babbar riga, da mayafi, da hijabi har ƙasa, ɗakin da yara ƙanana ake aika kai niƙa. Babu wanda ya tashi a karkarar ƙasar nan da bai san wani da inji ya taɓa ba. Ana cewa tsautsayi ne, kuma ba na musun ƙaddara. Amma wanda ya je ya yi wa mai injin wa'azin ya mayar da murfi bai yi komai ba, gobe zai sake cirewa. Daidaita masa layin, bel ya daina faɗowa, murfin zai zauna da kansa.

Sai filawil, babban wilin nan mai nauyi a gefen inji. Injin mai silinda ɗaya bugu ɗaya yake samu na ƙarfi a cikin juyi biyu, filawil ne ke adana ƙarfin ya ƙarasa sauran tafiyar. Ƙarfin da ke cikinsa yana ƙaruwa da gudun sau kansa, don haka masu taɓa abin nan da makanikai ke kira gwamna don inji ya ƙara wuta, da ƙarfe mai nauyi suke wasa. Wannan dai na ambata ne in wuce.

Yanzu mu dawo gida. Ku zagaya bayan wokshof ɗinmu ku ga maƙabartar furojet. Injin ɓare gyaɗa, injin surfe, injin yanka ciyawa, an shafa musu koren fenti, an ɗauki hoto da su ranar kare furojet, sun yi juyi na minti biyar a gaban malamai, daga nan sai tsatsa. Kowa ya san yadda ake yi, kada mu yaudari juna. A haɗa kuɗi, a kai wa mai walda hoto, ya ƙera, a ɗauko babi na uku daga kundin 'yan shekarar da ta wuce a canza lambobi. A cikin kundin za ka ga lissafin fuli shafi biyu, tsaf-tsaf, amma ka je ka auna wanda ke jikin injin, ba shi ba ne. An rubuta abin da littafi ya ce, an ɗaura abin da aka samu a Ƙofar Ruwa. Ashe abin da muke yi wa dattijon can dariya a kai, shi muke yi, mu har da satifiket.

Abin da nake ba da shawara ba ya buƙatar sabon gini. A raba 'yan ajin ƙarshe rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ɗauki gari ɗaya, ya nemi izinin masu injina goma ta hannun shugabannin sana'arsu. A kowane inji a rubuta abin da ke jikin farantinsa, a auna ainihin gudunsa yana cikin aiki, a auna fuli biyun da tazarar da ke tsakaninsu, a duba samfurin bel da layi da murfi, a ɗebi kwano ɗaya na shinkafar da ta fito a tsince karyayya a auna. Na'urar auna gudun juyi ba ta fi wayar hannu girma ba, ɗan farin tef ake mannawa a jikin fuli a haska. Bayan haka rukunin ya zaɓi inji ɗaya, ya sassaƙa masa fulin da ya dace a injin sassaƙa ƙarfe na makaranta, ya ƙera murfi, ya je ya ɗaura, ya sake auna mai da karyayyar ƙwaya. Makin ya dogara da abin da aka tarar bayan wata biyu ko uku yana aiki, ba da kaurin kundi ba. 'Yan uwanmu mata suna da aiki na musamman a nan, domin masu turara shinkafa a cikin gidaje za su gaya musu abin da ba za su gaya wa namiji ba.

Daga cikin awon nan a fitar da takarda ɗaya, da Hausa, boko da ajami: in injinka yana gudu kaza, fulinsa inci kaza, na'urarka iri kaza, to sayi inci kaza. Da inci fa, ba milimita ba. Mu a aji da milimita muke magana, kasuwa da inci take magana, kuma 25.4 ɗin da ke tsakaninsu ya isa ya sa mai shago ya ce maka ba shi da shi alhali ga shi nan a rataye. A manna takardar a shagunan masu sayar da fuli da garejin makanikai.

Na san abin da za a ce. Na farko, makanikan can sun fi mu sani. Gaskiya ne, kuma duk ɗalibin da ya je da nufin koyar da su zai dawo da kunya. Ogana da kunne yake gane boris ɗin da saura mako ya mutu, ni ko da na'ura sai na yi da gaske. Amma kunne yana aiki ne a kan injin da ka saba da shi. Ranar da aka kawo sabon samfuri, ko aka cire injin gas aka sa motar lantarki, babu tsohon sautin da za a kwatanta da shi, sai biro da takarda. Shi yana da abin da ba mu da shi, mu muna da layi ɗaya da ba a koya masa ba.

Na biyu, za a ce zamanin bel ya wuce, sola ta zo, manyan kamfanonin shinkafa sun cika Kano. Famfon sola na rijiyar burtsatse ba ya buƙatar bel, na yarda. Amma motar lantarkin da aka fi samu kusan juyi 1,450 take yi a minti, na'urar da ke son 800 ba za ta canza ra'ayi don an kawo sola ba. Duk mai injin da ya koma lantarki sai ya sake lissafin fulinsa daga farko, wato aikin ƙaruwa zai yi. Manyan kamfanonin kuwa, matar da ta turara buhu biyu ba za ta kai musu ba, kuma ko cikinsu ka shiga, fuli da bel da giya ne tun daga ƙasa har sama. Wanda bai iya daidaita biyu ba, wa zai ba shi ɗari?

Na uku, kuɗin mota da tsaron lafiyar ɗalibai. Wannan kam magana ce, kuma a nan ƙungiyarmu ta ɗalibai ta shigo. Muna biyan kuɗin ƙungiya duk shekara, muna ganin abin da ake kashewa a makon ɗalibai da liyafar miƙa mulki. Ban ce a daina ba, ni ma ina cin shinkafar. Amma bas ɗaya sau huɗu a zango, da na'urar auna gudu guda uku da za a ajiye a ofishin ƙungiya ana sa hannu ana ara, ba za su kai kuɗin kanofi da makaɗa na dare ɗaya ba. Sharaɗin tafiya kuma a rubuta shi: ba a taɓa inji sai an kashe shi, ba a shiga da riga mai reto, kuma ba a zuwa sai da malami ko ma'aikacin wokshof.

Akwai kuma maganar gobe. A 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layin dogo daga Kano zuwa Kaduna, da wanda zai tashi daga Kano ya bi ta Katsina zuwa Maraɗi. Jiragen da za su hau su suna da ƙafafun da ke cinyewa, waɗanda sai an riƙa sassaƙe su ana dawo musu da siffa, da giya da boris da za a riƙa aunawa. Masu difloma ne za su yi wannan aiki, in an same su. Ranar da za a zo ɗauka, na'urar awo za a miƙa maka a nuna maka ƙarfe.

Ga 'yan aji ɗaya da za su zaɓi taken furojet baɗi: ba sai kun jira sashe ya canza doka ba, babu abin da ya hana ku kai wa malaminku wannan take da kanku. Ku nemi tef na awo mai inci da milimita, da zare, da alli, da littafin rubutu mai bango mai ƙarfi don ɗakin inji ƙura gare shi. Ku je lokacin kaka, sa'ad da injinan ke aiki dare da rana, ku fara da gaida mai wurin. Awon da kuka samo kuma ku bar kwafinsa a ɗakin karatu na sashe, da sunan garin da ranar da aka auna, don waɗanda za su biyo bayanku su koma kan injinan nan su ga ko fulin da kuka ɗaura yana nan.